Yinin Sarki a Gidan Baba Jatau

An ce wani sarki aka taɓa yi, mai son aiki da tsare doka, irin mutanen nan da in sun ce abu to sun gama. Magana sau ɗaya yake yi. In ya faɗa, sankira ne zai ɗaga murya ya maimaita wa jama'a, shi kuwa bakinsa na cikin amawali, ko leɓensa ba ka gani.

To wata shekara damina ta cinye ganuwar garin. Sarki ya sa aka yi shela cewa kowane gida ya ba da mutum ɗaya a fito gayya, gidan da bai bayar ba kuma mai shi ya kwashe nasa ya bar gari. Kowa ya fito, ban da Malam Tanimu. Shi Tanimun nan talaka ne, amma Allah ya ba shi basira, mutane ma wurinsa suke kai rigimarsu. Su biyu suka rage a gida, shi da mahaifinsa Baba Jatau, tsohon marini da gigin tsufa ya kama.

Waziri ya kai ƙara, dogarai suka zo da Tanimu, bayan ya roƙi maƙwabciya ta ɗan riƙe masa tsohon. Sarki ya tambaye shi me ya hana shi aikin ganuwa.

Ya ce, "Ya sarki, ai ina kan aikin. Tawa ganuwar ce daban. In gina ta da safe, kafin azahar ta zube, in sake ɗaukar tubali."

Aka ce ya yi bayani, ya ce jinyar mahaifinsa yake nufi. Sarki ya ce zama da tsoho ai hutu ne, mutane suna dakon ƙasa a rana shi yana inuwa.

Tanimu ya ce, "Ya sarki, to mu yi musanya. Gobe ni in je rana, kai ka zauna a inuwar. In na dawo ka ce hutu ne, zan bar gari, ko da yake mahaifina ba abin da ya rage masa ya sani a duniya sai tsakar gidan nan."

Waziri ya fara faɗa, wai wannan raini ne. Sarki ya ɗaga masa hannu, ya ce ya yarda. Shi fa gani yake wanda ya riƙe gari guda tsoho ɗaya ba zai gagare shi ba.

Da safe ya shiga gidan shi kaɗai, fadawa suka tsaya a zaure. Abu na farko, kunu. Sarki ya miƙa, tsoho ya kau da kai, ya ce shi ba ya karɓar abinci daga mutumin da ba shi da baki. Aka yi lallashi, ina. Dole sarki ya sauke amawali, abin da ko waziri bai taɓa gani ba. Baba Jatau ya ƙura masa ido ya ce, "Au, ashe kai ne yaron nan mai ɓata mini baban rini. Jeka juya rini." Wallahi sarki guda ya ɗauki sanda yana juya tulun da ba komai a ciki, don in ya tsaya tsohon sai ya nufi ƙofa zai tafi karofi, wurin da yake rini a da.

Can sai tsoho ya tambaya ko Hansatu ta dawo daga kasuwa. Hansatu matarsa ce, uwar Tanimu, ta daɗe da rasuwa, fadawa ma sun gaya wa sarki. Shi kuma bai saba kwana-kwana ba, ya ce masa ta rasu. Tsohon nan ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin na wanda yanzu aka kawo masa labari. Daga baya ya share ido, ya dubi ƙofa, ya sake tambaya ko Hansatu ta dawo.

Nan sarki ya ga ya shiga tsaka mai wuya. In ya faɗi gaskiya, ya sake kashe masa mata. In ya ce tana hanya, ya yi ƙarya. Ba sankira, ba waziri. Haka aka yini: tambaya, wanke jiki, canza riga, tsare ƙofa, tambaya kuma. Sallar azahar ma da ido ɗaya a kan tsoho ya yi ta.

Da la'asar Tanimu ya dawo, jiki duk laka, amma fuskarsa sakayau kamar wanda ya yi barci. Yana shigowa tsoho ya jefa masa tambayar nan. Tanimu ya durƙusa ya ce, "Baba, me take yawan sayo maka in ta je?" Sai ga tsoho yana dariya, yana ba da labarin ƙuli-ƙulin da take ɓoye masa a bakin zane, har ya manta da ƙofa.

Tanimu ya juyo ya ce, "Ya sarki, yaya inuwa?"

Sarki ya ce, "Malam, kai ka huta yau. Ni na yi gayya."

Bai ko mayar da amawalin ba ya fito zaure, ya yi magana da bakinsa, har sau biyu don kowa ya ji. Ya ce duk gidan da ake jinyar tsoho mai gigi, an ɗauke musu gayya, don suna kan tasu. Kuma daga cikin masu aikin ganuwa a riƙa tura mutum yana karɓar mai jinya, shi ma ya samu ya miƙe baya. Tanimu da mahaifinsa suka zauna a gidansu.

Waziri ya ce yana tsoron ganuwa za ta yi jinkiri. Sarki ya ce ta yi, sannan ya ƙara da maganar da garin suka riƙe: mai mulkin da ya yanke hukunci daga zaure, rabin shari'a ya ji, sauran rabin tana tsakar gida.