Lofen da Zanzaro Ya Kasa Shiga

"Ya fasa! Luba, wallahi a ƙarshe dai ya fasa!"

Tun daga ƙofar makaranta Safara'u ta fara faɗin haka, hijabi ya karkace, tana haki kamar wadda ta yi tsere da babur. Ta kamo hannun Lubabatu ta ja ta gindin darbejiyar bayan ajinsu, don saura kaɗan a kaɗa ƙararrawa, labarin kuwa da tsawo.

Lubabatu ta san wanda ya fasa. Wata biyu ke nan ba su da hira sai ta kakan Safara'u, Alhaji Mamuda, wanda duk Ringim aka san shi da tara lofe. Ya daina shan taba tun shekarar da ya je Makka, amma son lofen bai sake shi ba. Durowar gilas guda ya cika da su, na katako, na tagulla, na ƙaho. Ana nan sai wani dillali, Ila, ya kawo masa wani fari sol, an sassaƙa masa kan zaki, an ɗaura masa zoben azurfa, wai na wani Balarabe ne bafatake da ya yi zamani a Kano. Kuɗin da aka sa masa, Alhaji ba zai iya ba sai ya sayar da lambun bakin kogi. Lambun nan kuwa baban Safara'u ke nomawa, da shi ake ci a gidan, kuma ya riga ya ce ranar da aka sayar zai kwashe iyalinsa su koma Suleja. Wato Safara'u za ta bar makaranta, ta bar Luba, ana saura zango biyu su gama.

Baban Safara'u ya yi magana, limamin unguwa ya yi, Alhaji ya ce duk ba su san darajar kaya ba. Shi ya sa ranar Asabar Safara'u ta shiga mota ita kaɗai ta tafi ƙauye ta ɗauko Iya Dudu, yayar Alhaji, wadda duk duniya ita kaɗai ke kiransa Auta ya amsa.

Safara'u ta ce jiya da hantsi aka zauna a ɗakin Alhaji, ita tana gefen Iya. Tsohuwar ba ta yi faɗa ba. Ta ce a miƙo mata farin lofen, ta juya shi, ta shafa kan zakin, ta yaba aikin har Alhaji ya fara gyara zaman hula. Sannan ta tambaye shi ko ya taɓa jin abin da ya gudana tsakanin Sarki Jatau da zanzaro. Ya ce shi ya wuce shekarun tatsuniya. Ta ce wannan hikaya ce, da rana ake ba da ita, kuma manya aka yi wa.

Nan Safara'u ta rage murya ta sa mata 'yar karkarwa irin ta Iya, ta ɗauko labarin yadda ta ji shi.

An yi wani sarki, sunansa Jatau, a wani birni mai rijiya ɗaya tal. Ruwanta da daɗi, kuma duk tsananin rani ba ta ƙafewa. Sarkin adali ne, ba ya ƙwace, ba ya zalunci. Abu ɗaya ya ci ƙarfinsa, shi ne lofe, har soro guda ya gina don ajiye su. Rannan wani baƙo ya sauka da lofen hauren giwa, wanda in an ɗaga shi a rana sai a ga inuwar yatsa ta cikinsa. Ya ce na wani babban sarki ne na gabas. Jatau ya taya da dawaki, baƙo ya ƙi. Ya taya da shanu, ya ƙi. Baƙon ya ce shi rijiyar yake so, ya riƙa sayar wa mutanen gari ruwa. Fadawa suka sunkuyar da kai. Sarki ya ce a saurara masa zuwa la'asar, ya shiga soron nan nasa don ya ga inda zai ajiye sabon.

Yana cikin dubawa sai ya ji ana yi masa sallama da wata 'yar siririyar murya. Ya waiga, sai ga zanzaro a bakin wani lofen zinariya, ɗauke da ɗan curin laka.

"Ranka ya daɗe, godiya na zo yi," in ji zanzaro. "Ban taɓa ganin sarkin da ya kula da mu kamarka ba. Gida ɗari biyu ka saya mana, ba hayaƙi, ba mai taɓa mu. Na ji za a ƙaro wani. Damuwata ɗaya ce, in rijiya ta tafi, da me zan kwaɓa laka?"

Sarki ya bi lofen nan ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa, kowanne an toshe shi da laka. Ransa ya ɓaci, amma ya daure, ya ce wannan da za a kawo daban ne, duk wanda ya riƙe shi ya riƙe wani abu daga girman mai shi. Zanzaro ya ce haka Attajiri Bawa ya zata ranar da ya sayi lofen Madugu Tunau. Sarki ya ce, yaya aka yi? Zanzaro ya ajiye lakarsa, ya ce kakansa ne ya gani da idonsa, don a zauren maginiyar da ta gina lofen yake da gida, kuma ga yadda ya ba shi labari.

Madugu Tunau ya shekara talatin yana kai ayari Gwanja sayen goro. Bai taɓa ɓata hanya ba, ba a taɓa zub da jini a ayarinsa ba. Duk inda hanya ta rabu biyu, ko rigima ta tashi, sai ya sauka ya zauna, ya cika lofensa na yumɓu, ya kunna, ya yi shiru har tabar ta cinye. In ya miƙe sai ya ce, nan za mu bi, kuma nan ɗin ce. Mutane suka ce ai asirin yana cikin lofen. Da Allah ya yi masa rasuwa, Attajiri Bawa ya ba magada jakuna talatin ya karɓe shi, ya naɗa kansa madugu, ya ɗora kanwa ya kama hanya.

Kwana goma sha biyu suka iso inda hanya ta rabu. Bawa ya sauka ya kunna lofe, ya zuƙa sau uku, ya yi tari, ya nuna hagu. Hagun nan ta kai su cikin fadama. Jakuna suka kafe, kanwa ta narke, da kyar aka fito da mutane. Ya dawo gari ya wuce kai tsaye gidan maginiya Gwamma, ya ce lallai magada jabu suka ba shi. Ta karɓa ta kifa shi, ta nuna masa shatin babban yatsanta a gindi. Ta ce nata ne, kuma na Tunau ne, sai dai Tunau guda biyar yake saye duk tafiya, wuri biyar biyar, don yawan fasa su yake yi. Ta ce shi da bakinsa ya gaya mata abin da yake yi in ya zauna: yana kallon inda tsuntsaye suka dosa, yana jin abin da masu kora jakuna ke faɗa a bayansa sa'ad da suka ɗauka hankalinsa na kan hayaƙi, in kuma ransa a ɓace yake, yana jira ya huce.

"Kai yumɓun ka saya," in ji Gwamma. "Zaman kuwa ya tafi da abinsa. In kana son wani, ga su can a rana suna bushewa."

Zanzaro ya kai nan ya dubi sarki, ya ce lofen baƙon nan na gaske ne, shi ya zagaya shi, aikin gwani ne, ramin ma zai ɗauki 'ya'ya uku a sake. Amma ya leƙa har ƙasa, girman mai shi ba ya ciki.

Sarki ya tambaya ko cikin nasa duka akwai wanda zanzaro bai samu shiga ba. Zanzaro ya ce akwai guda, wanda ke aljihun rigarsa, na yumɓu mai tsagaggen baki, wanda mahaifinsa ya bar masa, wanda yake murzawa a hannu duk ranar da shari'a ta yi wuya.

"Shekara bakwai ina fakonsa, ranka ya daɗe. Bai taɓa yin sanyi ba."

La'asar na yi sarki ya kira baƙo, ya ba shi riga da guzuri, ya ce ya kai hauren giwarsa garin da ke da rijiya biyu.

Lubabatu ta katse ta, ta ce to shi ke nan sai Alhaji ya yarda? Safara'u ta harare ta, ta ce ashe ba ta san Baba Alhaji ba. Dariya ya yi, ya ce labari ya yi daɗi, amma tasa durowar ta gilas ce, ko ƙuda ba ya shiga balle zanzaro. Ya ce irin waɗannan kaya daraja suke ƙarawa, masu nemansu har daga ƙasashen waje suke zuwa. Iya ta ce to madalla, buɗe min in taɓa. Sai aka shiga neman makulli. Aka duba aljihu, aka ɗaga katifa, aka zazzage jakar Makka. Da kyar Safara'u ta gano shi cikin wani tsohon gwangwanin turare, ya yi tsatsa, sai da aka ɗiga masa man gyaɗa ya juya.

"Gaskiyarka, Auta," in ji Iya. "Zanzaro bai shiga ba. Kai ma ba ka shiga ba."

Safara'u ta ce wallahi sai da ta cusa hijabi a baki. Shi kuwa Alhaji ko murmushi bai yi ba.

Daga nan Iya ta kwance bakin zaninta, ta fito da wani ɗan ƙulli, ta warware. Lofe ne na yumɓu, baƙi ƙirin, da ɗan gajeren kara. Na mahaifinsu ne, Malam Ɗanjuma, wanda ya sare dajin bakin kogi ya mai da shi lambu. Ta ce in ya gama ban ruwa, gindin lemon tsami yake zama da shi, Auta na kan cinyarsa yana kama hayaƙi da hannu. Ta ce shekara arba'in tana ɓoye da shi, don ta san in ta ba shi, bayan gilas zai kulle shi tare da baƙi. Ta nuna masa bakin karan: shatin haƙora biyu, da ɗan tudu a tsakani, don mahaifin nasu mai wushirya ne.

Alhaji ma mai wushirya ne. Ya karɓa, ya daɗe yana kallo, sannan ya kai bakinsa, ba taba ba wuta. Haƙoransa suka zauna cikin shatin nan daram kamar don shi aka yi. Da ya cire, muryarsa ta canza. Ya tambayi yayarsa nawa za ta sayar masa.

"Na Balarabe, lambu ne kuɗinsa," in ji Iya. "Wannan ma lambu ne kuɗinsa. Sai dai shi, barin lambun ake yi inda yake."

Alhaji ya dubi farin lofen, ya dubi baƙin. Ya ce farin yana da kyau, wannan ba ƙarya ba ne, wanda Allah ya hore wa rarar dukiya in ya saya bai yi laifi ba. Sannan ya ɗauko ƙyallen da aka kawo shi ciki ya naɗe shi, ya tura gefe, ya zura baƙin a aljihun gaba.

"Na saya, Yaya."

Sai kuma ya juyo kan Safara'u, ya ce wato ita ce ta shiga mota ta kai ƙararsa, to daga yau ya sake ta, ya fasa auren. Ta ce masa ta yarda, dama tsohon miji mai ɓatar da makulli ba abin riƙo ba ne. Iya ta yi dariya har da tari.

Ƙararrawa ta kaɗa. Yara suka fara gudu zuwa fili, Lubabatu ta rungume ta tana tsalle, har ta buɗe baki za ta kira sauran 'yan ajinsu. Safara'u ta yi wuf ta toshe mata baki. Ta ce babanta bai sani ba tukuna, Alhaji ya ce shi da ƙafarsa zai taka har lambu yau bayan la'asar ya gaya masa a gindin lemon tsamin nan. Ila dillali ma bai sani ba, ga shi kuwa kawun Barira ne, mai zama a bencin gabansu.

"Don Allah, Luba, don girman Allah, kar ki gaya wa kowa tukuna. Ko Ummanku. Ki bari sai gobe. Kuma ki daina wannan murmushin, za a gane."