Cinyar Malam Gwadabe

An ce wani sarki ya gaji da jin koke-koken talakawa, sai ya kafa doka: duk mai ƙara ya yi maganarsa a rabin tsugune, kamar wanda ya zauna kan kujerar da babu ita. Kada gwiwa ta taɓa ƙasa, kada ya miƙe. Wanda ya faɗi, ƙararsa ta faɗi, a raka shi da bulala. Nan da nan fada ta yi tsit, sarki kuwa ya dinga alfahari wai ƙasarsa ta zauna lafiya. Wauta dai ba ta san rawani ba.

Ran nan wani dattijo masani, Malam Gwadabe, ya zo neman rijiyar garinsu da hakimi ya ƙwace. Ya yi tsugunen, ya ƙura wa sarki ido, ya ƙi cewa uffan. Da shirun ya ishi sarki, ya ce ya yi magana ko a sare kansa.

Malam ya ce, "Ya sarki, mene ne ke aiki bai motsa ba, yake gajiya bai je ko'ina ba?"

Sarki ya ce babu irin wannan abu a duniya.

"To, sauko ka ɗora hannunka kan cinyata."

Fadawa suka yi ca, malam ko kallo ba su ishe shi ba. Sarki ya sauko ya taɓa. Ya ji tsoka ta dunƙule ta yi tauri kamar dutse, ta gajarce, ta kumbura a tsakiya, jijiyar gwiwa ta ɗame, can ciki kuma ana makyarkyata.

Malam ya ce, "Idonka ya ce ina zaune lafiya, hannunka ya ƙaryata shi. In kana musu, gwada tare da ni."

Girman kai ya sa sarki ya gwada. Bai daɗe ba cinyoyinsa suka ɗauki zafi, suka kama rawa, ya zube a gaban fadawansa, tsohon yana nan yadda yake.

"Ya sarki, ƙararka ta faɗi. Wa zai riƙe bulalar?"

Kunya ta rufe sarki. Ya ɗaga dattijon da hannunsa, ya soke dokar, ya sa a mayar da rijiya, kana ya ce, "Shirun wanda aka zalunta ba hutu ba ne, ƙarfi yake tarawa."