Tankin da Clive ya juye a salgar Noelene

Akwai wani mutum mai suna Clive Ruddock, wanda ya yi ritaya ya sayi ƙatuwar motar kwana, irin mai gado da banɗaki a ciki. Shi da matarsa Glenys suka yada zango a gonar wata gwauruwa, Noelene, can yammacin jihar Queensland, inda matafiya irinmu ke cin sanyin hunturu a bakin rafi.

Wurin babu magudanar ƙazanta. Salga ɗaya ce ta rami. Dokar Noelene kuwa kowa ya san ta: tankin banɗakinka in ya cika, ka kai shi mazubar ƙazanta da ke cikin gari. Ta taɓa rantsewa cewa ranar da wani ya sake juye tanki a salgarta, ranar za ta rufe gonar.

Tankin Clive ya cika. Glenys ta ce su je gari, ya ce garin da nisa, kuma suna ɗagawa wani zai gaje musu inuwa. Maƙwabcinsu Merv, tsohon da ba shi da gidan da ya wuce motarsa, ya ce wa Clive ya kawo tankin, shi zai kai masa gari gobe.

"Abokina, ba a ɗaukar mini kashi," in ji Clive.

Merv ya yi dariya. "Ashe naka na zinariya ne."

Da la'asar, kowa ya tafi hira gindin bishiya da kujerarsa, Clive ya ja tankin ya juye a salga. A ganinsa rami ai rami ne. Bai damu da cewa shuɗin maganin da ake zubawa a tanki yana kashe ƙwayoyin da ke cinye ƙazantar rami ba.

Ba a jima ba salgar ta mutu. Wari ya cika zangon, ƙudaje suka hana kowa cin abinci a waje.

Sai ga Noelene da sarƙa da kwaɗo a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ko wanda ya yi ya fito, ko kowa ya bar mata gona kafin rana ta faɗi.

Babu wanda ya fito. Clive na kallon takalminsa. Merv ya juya a hankali ya fara naɗe rumfarsa, alhali bai san inda zai nufa ba.

Glenys ta dubi tsohon, ta dubi mijinta.

"Clive, za ka faɗa, ko in faɗa?"

Ya faɗa, da muryar da ba ta kai ta sauro ba. Ya fara zancen zai biya, Noelene ta katse shi. Ta ɗauko diga da shebur daga bayan motarta ta ajiye a gabansa, ta nuna masa inda zai haƙa sabon rami.

Ƙasar can kamar dutse take. Ya yi kwanaki yana haƙa, tafukansa suka ɗuri ruwa suka fashe. Babu wanda ya zage shi, babu kuma wanda ya kama masa.

Da ya gama, Noelene ta leƙa ramin ta ce ya yi. Ta ce Merv da sauran su zauna abinsu. Sannan ta buɗe wa Clive ƙofar gona, ta tsaya riƙe da ita har motarsa ta fita.

Darasi: Ƙazantarka nauyinka ce. In ka ƙi ɗauka don girman kai, marar ƙarfi ne zai fara shan wahalarta. Ku tura wa duk wanda kuka san yana raba wuri da mutane.