Kwamfutar da Ta Ce Wa Yaya Ba Shi da Izini

An yi wani mutum a Birnin Kudu, ba zan kama sunansa ba don mahaifiyarsa tana raye. Yana da shagon kwamfuta shi da ƙanensa Munzali, suna buga takardu da katin biki. Yana salla, ba ya shaye-shaye. Ciwonsa ɗaya ne: ba a ce masa a'a.

Shi dai duk filashin ajiye bayanai da aka miƙo masa sai ya cusa a kwamfuta, duk manhajar da ya gani sai ya ɗora. Da haka cuta ta shiga kwamfutar, ta cinye aikin mutane kaf. Munzali ya gyara, sannan ya kulle jakar da manhajoji ke zama, ya sa kalmar sirri. Kowa zai iya aiki, amma ba mai ɗora sabon abu sai da saninsa. Ya gaya wa yayansa, yayan ya ce ya ji, alhali hankalinsa na kan waya.

Ran nan suka sayi sabuwar furinta. Shago cike da manoma daga Kangire, sun zo buga katin ƙungiya. Mutumin ya zauna zai ɗora manhajar furintar, kwamfuta ta ce ba shi da izini. Ya sake, ta sake. Wani dattijo ya yi dariya ya ce, "Malam, ashe kai ma baƙo ne a shagon nan?"

Wasa ne fa, ya 'yan uwa. Amma Shaiɗan ba ya raina ƙofa.

Munzali ya shigo da sallama. Yayan bai amsa ba, ya ce, "Faɗa min kalmar."

"Yaya, matsa in sa maka. Ba a faɗa a gaban jama'a."

"Ni za ka ce wa matsa? Ni da na goya ka?"

Ya kwaɗa masa mari. Munzali bai rama ba, ya sunkuya zai taɓa madannai. Shi kuwa gani ya yi an raina shi. Ya fizgo sitabilaiza daga ƙasa, ƙarfen nan mai nauyi, ya sauke masa a ƙeya. Ya ƙara. Jini ya wanke tebur da takardun mutane.

Manoman suka yi kansa. 'Yan kasuwa suka ji ihu, suka zo da itace da duwatsu. Aka ja shi a ƙasa har bakin titi, aka karya masa hannu, aka zubar masa da haƙora. Da ƙyar 'yan sanda suka ƙwace shi. Munzali kuwa ya cika a mota kafin a kai asibiti.

Bayan sadakar bakwai aka kira wani mai gyara daga Gwaram. Ya buɗe kwamfutar, ya ɗora manhajar kafin shayinsa ya huce. Wallahi na yi kuka da na ji. A kan wannan aka kashe rai?

Dangi suka taru suka tambayi mahaifiyarsu ko za ta yafe jinin. Ta ce, "In na yafe, na ci amanar na kabari. In na ƙi, na kashe ɗayan da bakina. Ku gaya min wanne zan haifa kuma?" Har yau ba ta ba da amsa ba, shi kuma yana kurkuku yana jira.

Ya 'yan uwa, girman kai ne ya kunna wutar, fushi ya hura ta. Ƙanenka ya hana ka abu don ya tsare amanar jama'a, ina rainin yake? An koya mana idan zuciya ta tashi, na tsaye ya zauna, ya yi alwala, ya yi shiru. Da ya matsa daga kujerar nan, da Munzali yana cikin sahunmu yau.

Allah ya kiyaye mu da sharrin zuciyarmu, ya riƙe hannunmu sa'ad da ta tafasa, ya sanyaya wa wannan uwa. Amin.