Tiyatar da Jabiru Ya Ɓoye wa Matarsa

Akwai wani ɗan kasuwa mai suna Jabiru, mutumin Ƙauran Namoda, yana sayar da gero a Kasuwar Daji. A shekarun da aka fara Shari'a a Zamfara wata lalura ta same shi. Ƙarfinsa na namiji ya ragu, har ya kasa sauke haƙƙin matarsa Salima.

Ya sha jiƙe-jiƙe har ya gaji. Daga baya wani likita a birni ya ce jini ne ba ya tsayawa a gabansa, yana zurarewa ta wasu jijiyoyi. Ya ce ana iya ɗaure su, amma sau da yawa jinin kan sake samun wata hanya, matsalar ta dawo.

Jabiru ya yarda aka yi aikin. A gida kuwa ya ce aikin ƙaba aka yi masa.

Da farko abin ya yi kyau. Amma kafin damina ta zagayo, lalurar ta dawo. Kunya ta mai da shi mafaɗaci. Tuwo ya yi tauri, miya ba gishiri, kome Salima ta yi laifi ne.

Wata Juma'a da ya dawo masallaci, ya tarar tana kuka a bakin murhu. Ya zauna ya gaya mata kome, kansa a sunkuye.

"Shari'a ta ba ki haƙƙi," in ji shi. "In kin kai ni gaban alƙali, ba zan musa ba."

Salima ta share hawaye. "Haba Malam! Ni duk zatona na fita ranka ne. Kullum ina tambayar kaina, mi na yi maka? Ashe ciwo ne. Ai ciwo asibiti ake kai shi, ba kotu ba."

Tare suka koma wurin likitan. Da ya tambayi Jabiru ko akwai wata damuwa, sai ya ce lafiya lau.

"Likita, ba lafiya ba," in ji Salima. "Ƙishirwa ba ta barinsa, fitsari ba iyaka. Kuma yana shan taba a ɓoye, ina jin warinta a rigarsa."

Aka gwada jininsa, aka samu ciwon suga. Likita ya ce suga da taba ne suke lalata masa jijiyoyi, sake yanka ba zai yi amfani ba. Ya ɗora shi a kan magani, Salima ta gyara masa abinci, shi kuma ya bar taba.

Bai koma kamar saurayi ba, amma ya samu sauƙi sosai, dariya ta dawo gidan. Kuma daga nan bai ƙara zuwa asibiti shi kaɗai ba.

Darasi: Lalura ba abin kunya ba ce, kuma tiyata ba ita ce ƙarshen magani ba. Kada ka ɓoye wa iyalinka ciwonka, domin shirunka yana iya yi mata ciwo fiye da lalurar. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani magidanci yana fama a ɓoye.