Ranar da Nomau Ya Ɗaga Hannu a Kan Jatau

Kai, ku bar gardamar ƙwallon nan haka, kun cika mini kunne. Ga wadda ta fi ta nauyi, in kun isa ku warware.

A dambe akwai dokar da ba wanda ya taɓa rubutawa: da zarar gwiwar mutum ko hannunsa ya taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, wato an ci shi, ba a ƙara masa. Akwai kuma wata da ba a ma faɗinta da ƙarfi: in an ƙara wa naka, sai ka rama, ko garinku ya zama abin dariya a kasuwa.

To, wata kaka mahautan Tudu suka je dambe garin Kwari. Tanimu, ƙanen Nomau ɗan damben Tudu, ya kara da wani ƙato mai suna Jatau. Tanimu ya zame ya durƙusa, Jatau kuwa zuciya ta ɗebe shi, ya sauke masa hannu a ƙeya. Kwana uku Tanimu bai san wanda ke kansa ba, a na huɗu ya cika. Wallahi har yau in na tuna yaron nan sai raina ya ɓaci. Uwarsu ta dubi Nomau ta ce, "In wata kakar ta wuce Jatau na yawo da ƙafarsa, kada ka ƙara ce mini Inna."

Shekara guda Nomau bai yi dariya ba. Da kaka ta zagayo aka buga kalangu a Tudu, 'yan Kwari suka zo, Jatau a cikinsu.

Nomau ya sami guntun ƙarfe ya kai wa kawunsa Barau, wanda ke naɗa masa zare a hannu tun farkon dambensa. Ya ce, "Kawu, sa mini wannan a ciki." Barau ya ce, "To, ɗana. Juya ka yi addu'a." Yana juyawa, tsohon ya zura ƙarfen a aljihu, ya sa ƙullin tsumma, ya ɗaure tamau har hannun ya yi sanyi, yadda Nomau ba zai ji bambanci ba. Da a ce ƙarfen nan ya shiga fage, da naushin farko ya isa ya raba Jatau da duniya.

Jatau kuwa ya fi Nomau ƙarfi, kowa ya sani. Ya kuma ga samarin Tudu sun zo da wuƙaƙen yanka a ƙarƙashin riga, suna jiran nasu ya faɗi su far wa baƙi. Da shi da Nomau suka sa zare a fage, sai Jatau ya matso ya ce a hankali, "Nomau, shekara guda ban yi barcin kirki ba. Ga ni." Ya sauke hannun da yake karewa da shi. Nomau ya kai masa a kunne iya ƙarfinsa, Jatau ya kife rub da ciki, ƙeyarsa a fili.

Fage ya ɗauka, "Rama! Rama!" Masu rabiya suka kau da kai. Nomau ya ɗaga hannu, idonsa ya rufe. Sai Mati makaɗi, tsohon da ya yi wa ubansu kiɗa, ya yanke taken Nomau ya ɗauko na Tanimu. A Tudu kuwa ba a kaɗa taken mamaci a fage, makaɗin da ya yi haka ya rataye kalangunsa ke nan. Nomau ya ji kiɗan da ƙanensa ke shigowa da shi yana tsalle. Ya dubi ƙeyar da ke gabansa, ya sauke hannunsa. Ya zauna daɓas a ƙasa yana kuka, gaban garuruwa biyu.

Kada ku zaci an yi biki. Jatau ya tashi da kurman kunne, bai sake ɗaura hannu ba. Da aka gane abin da Barau ya yi, 'yar'uwarsa, uwar Nomau, ta hana shi ƙofar gidanta. Mati ya mutu ba wanda ya sake gayyatarsa kiɗa. Nomau kuma, samari suka riƙa ce masa rago, yana ji yana gani. Uwarsa ta rayu shekara bakwai bayan nan, kullum yana kai mata nama tana kau da kai, har aka rufe ta ba ta amsa gaisuwarsa ba. Abu ɗaya ya tsira da shi: babu ran kowa a wuyansa.

To, ku da kuka iya gardama, tsakanin Barau da ya cire ƙarfe, da Jatau da ya miƙa kansa, da Mati da ya sauya kiɗa, wane ne ya fi cancanta a ce shi ya hana Nomau kisan kai?