Baƙon Madam Eulalie

Akwai wani Alcide Guidry, ɗan garinmu na bakin fadama a Luwiziyana ta Amurka. Mu nan Turancinmu a cakuɗe yake da Faransancin kakanni, haka muka taso. Alcide ya tafi Houston aiki, ya wanke bakinsa tas, ya dawo yana magana kamar mai karanta labarai.

Ranar da ya kawo matarsa gida, mahaifiyarsa Madam Eulalie ta rungume ta tana surutu irin namu. Ya ja mahaifiyar tasa kicin.

"Mama, don Allah ki zaɓi yare ɗaya. Kina ba ni kunya."

"Oho, yanzu bakina ne ya yi maka wari? Da shi na yi maka rarrashi, ɗan nema."

"Ni dai na gaya miki."

Tun daga ranar in ya zo, gaisuwa ce da abinci. 'Ya'yansa ma ya hana su kwaikwayonta. Abin dariya, Turancin da yake taƙama da shi cike yake da aron Faransanci, sai na uwarsa ne ya tsone masa ido.

Da tsufa ya zo, ruɗewa ta kama ta. Turancin ya zube, sai Faransancin yarinta kaɗai ya rage mata. Duk Asabar Alcide yakan tuƙo mota ya iso a gajiye, ya zauna gefenta. Abu ɗaya yake nema: ta gane shi. Ita kuwa ta yi ta zuba, shi yana tsintar kalma ɗaya cikin goma. Har ni sai da ya ba ni tausayi.

Wata Asabar ya roƙi maƙwabciyarsu Odile ta yi masa tafinta. Ya riƙe hannun tsohuwar.

"Mama, ni ne Alcide."

Ta kalle shi ta yi murmushi, ta juya ta yi wa Odile magana.

"Me ta ce?"

Odile ta yi ta gyara ɗankwali. "Bari kawai."

"Faɗa mini."

"Ta ce baƙon nan yana da ladabi, amma daga jin bakinsa ba ɗan nan ba ne. Wai in zuba maka miyar kuɓewa da shinkafa ka ci ka kama hanya, ɗanta na tafe, kujerarsa ka zauna."

Darasi: Kada ka raina harshen da aka raine ka da shi, domin wata rana da shi kaɗai mahaifiyarka za ta neme ka. Ku tura wa wanda ya fara jin kunyar maganar gidansu.